Neman shawara: ina lacca a Zoom amma kamar da bango nake magana

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ina koyarwa a wata jami'a nan Kumasi, an ba ni ajin Asabar da safe a Zoom, awa 2 cur. Kowa ya kashe kamara ya kashe makirfo, ina ta zuba ina kallon baƙaƙen akwatuna da sunaye. Satin da ya wuce na jefa tambaya har sau uku shiru, can wani ya buɗe makirfo bisa kuskure sai na ji yaron motar haya ta trotro yana kiran fasinja, Kejetia Kejetia. Wallahi abin ya dame ni. In tilasta musu kamara ne, ko yaya kuke yi?

Malam daga Aboabo:
Wa alaikumus salam. Malam don Allah kar ka tilasta. Bidiyo shi ke cinye data, kuma yaranmu na zango da yawa ɗaki ɗaya suke da ƙanne, ga uwa tana girki a baya, wa zai so a gani? Shirun ma ba raini ba ne, in ka ce "akwai tambaya?" ba wanda zai so ya fara. Ni duk bayan minti 10 nake tsayawa in ce kowa ya rubuta amsa a wurin saƙo, layi ɗaya, sai in ɗauki biyu in kira sunan masu su su yi bayani. Da sun gane ana kiran suna za ka ga an farka.

Hajiya daga Nima:
Ɗan uwa awa 2 a waya ai ya yi yawa, wayar ma zafi take yi a hannu. Raba shi, minti 40 a huta minti 10, dama Zoom na kyauta a minti 40 yake yankewa. Kuma ka riƙa naɗar muryar ka tura gurup ɗin WhatsApp saboda wanda dumso (ɗaukewar wutar lantarki) ya kama ko sabis ya jefar.

Malam daga Asawase:
Hajiya naɗin nan ni ina tsoronsa, da na fara turawa rabin ajin suka daina zuwa. Yanzu sai bayan kwana biyu nake turawa, kuma shiga aji yana da maki.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Asabar ɗin nan zan gwada kiran suna. Malam na Asawase, makin shiga ajin nawa kake warewa?