Muhawara: Sanya wa Kifin Turawut Alama, Ceto Ne ko Ƙarin Wahala?

Mai buɗe zance: Salamu alaikum jama'a. Akwai wata magana da na daɗe ina juyawa a raina game da yadda masana ke bin diddigin kifin turawut a ƙoramun yammacin Amurka, kuma ina so ku auna ta ku gani ko za ta tsaya. Matsayina shi ne, kama kifin da ya riga ya ƙaranta, a huda masa ciki a sa masa alama, cutarwarsa ta fi amfaninsa. Ku ɗauki nau'in da ake kira bul-turawut, wanda gwamnatin Amurka ta sa a jerin halittun da ke fuskantar barazana a 1998 da 1999. An san abin da yake buƙata: ruwa mai sanyi wanda bai cika wuce digiri 15 a ma'aunin Selsiyas ba, da tsakuwa mai tsabta inda zai binne ƙwansa, da hanya buɗaɗɗiya tsakanin kogi da ƙorama. Tunda an san haka, me ya kawo girgiza shi da lantarki don a kama shi, da yi masa allura? Kuɗin da ake kashewa a kan na'urori gara a dasa itatuwa da su a bakin rafi don inuwa, a kuma cire kwalbatocin da suka toshe masa hanya. Tsorona kada garin neman gira a rasa ido.

Malamar kimiyyar kifi: Wa alaikumus salam, Malam. Tsoronka yana da tushe, kuma ba zan musa cewa kamun lantarki kan ji wa kifi rauni a ƙashin baya ba, musamman manya, idan ba a daidaita ƙarfin wutar ba. Amma bari in faɗi yadda aikin yake, domin na yi shi da hannuna lokacin da nake karatu. Ana ɗebo kifin da koma a sa shi a bokitin ruwan rafin da aka zuba wa maganin sa barci, a jira har ya karkata gefe guda ya daina motsi. Sai a ɗora shi a kan jiƙaƙƙen allo a auna tsawonsa, a sa shi a sikeli, sannan a tura alamar PIT cikin kogon cikinsa da allura. Alamar nan 'yar kwalba ce siririya, wadda aka fi amfani da ita tsawonta milimita 12 ne, ba ta da batir, kuma kowace tana ɗauke da lambar da babu mai irinta. Kafin ka gama rubuta lambar an mayar da kifin cikin ruwa mai tsabta, kana kallo zai miƙe ya fara kaɗa wutsiya. Muhimmin abin shi ne ba lalle a sake taɓa shi ba har abada, domin eriyar da aka shimfiɗa a gindin rafi ita ke tayar da alamar idan ya wuce, ta rubuta lambarsa da rana da sa'a. Kamu ɗaya ne ke ba da labarin shekaru.

Dattijon zaure: 'Yata, na ji bayaninki, amma kin zaɓi mai sauƙin ne kika kawo mana. Ita alamar rediyo fa, wadda ke aika sigina don a bi sawun kifi? Wannan tiyata ce sosai: a tsaga ciki, a sa na'ura mai batir, a ɗinke, a bar wayar eriya tana jan ƙasa a bayan kifi. Masanan da kansu sun daɗe suna bin ƙa'idar cewa nauyin alama kada ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin kifin, wanda ke nuna sun yarda kaya na sauya halin mai ɗauke da shi. Tambayata ita ce, in kifin da aka yi wa tiyata ya gangara ƙasa ya laɓe a wani gurbi har mako biyu, ɗabi'ar turawut muka gani ko jinyar majinyaci?

Malamar kimiyyar kifi: Baba, gaskiyarka. Shi ya sa masu aiki da hankali ba sa gina hukunci a kan kwanakin farko bayan tiyata, kuma ba sa sa rediyo sai ga manyan kifaye kaɗan.

Mai lissafi: Ni a ganina ba a wajen allura gizo ke saƙar ba, a wajen fassarar alƙaluma yake. Kifin da ba a sake gani ba, ba lalle ne ya mutu ba. Yana iya yin ƙaura ya bar yankin da ake bincike, yana iya wucewa ta gefen eriya lokacin ambaliya ba ta karanta shi ba, kuma mace tana iya zubar da alamar tare da ƙwanta lokacin haihuwa. Akasin haka ma yana faruwa: kifi ya mutu, alamar ta zauna a cikin tsakuwa, ruwan narkewar ƙanƙara ya turo ta ta bi ta kan eriya, kwamfuta ta rubuta cewa kifin yana raye yana gangarowa. Wannan ya sa abin da ake fitarwa daga lissafin kama-da-sake-kamawa ake kiransa rayuwa bisa abin da ya bayyana kawai, wato ba ta raba mutuwa da ƙaura ba.

Kuma an taɓa yin babban kuskure a nan. Tun daga rubutun wani masanin kifi mai suna Gerking na 1959, ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne kifin rafi ba ya nisa da gurbinsa. Dalili kuwa, ana sa wa kifaye alama a gajeren yanki, a dawo wannan yankin a sake kamu, a samu wasu a inda aka bar su, sai a ce ai ba sa tafiya. Waɗanda ba a samu ba, da yake sau da yawa su ne masu yawa, sai a watsar da maganarsu. Sai a 1994 wani masani mai suna Gowan da abokan aikinsa suka nuna cewa tsarin binciken ne da kansa yake ɓoye matafiyan.

Mai buɗe zance: To ai Malam ka ƙarfafa mini hujja ne ba ka sani ba. In alƙaluman suna da ramuka haka, me ya sa za a wahalar da kifi dominsu? Ga misali a fili: turawut ɗin Apache a jihar Arizona. Al'ummar Apache ta White Mountain, 'yan asalin yankin, ta hana kamun sa a ƙoramun ƙasarta tun 1955, kafin a kafa dokar kare halittu ta Amurka ta 1973, kuma kafin a fara sa wa kifi alamar PIT a shekarun 1980. A 2024 aka cire shi daga jerin masu fuskantar barazana saboda ya farfaɗo. Kariya ce ta fara ceton sa, ba eriya ba.

Malamar kimiyyar kifi: Malam, misalin yana da kyau, amma ka tsaya a rabinsa. Hana kamu kaɗai bai farfaɗo da shi ba. An gina shingaye a cikin ƙoramu don hana baƙin nau'o'in turawut da aka shigo da su hawowa, aka kuma kwashe waɗanda suka riga suka shiga, domin wasu suna cinye 'ya'yansa su ƙwace masa abinci, wasu kuma suna barbara da shi asalinsa ya gurɓace. To a nan maganarka ta cire kwalbati take cin karo da kanta. Kwalbatin da ya hana bul-turawut kai wa ga tsakuwar da yake haihuwa, wataƙila shi ne a wani rafin ya hana baƙon kifi isa ga 'yan tsirarun da suka rage a sama. Shi bul-turawut akwai wanda yake ƙare rayuwarsa a ƙorama ɗaya, akwai kuma wanda yake girma a tafki ya yi tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa inda zai zuba ƙwai. In ba ka san wane iri ne a rafinka ba, ta yaya za ka san shingen da za ka rushe da wanda za ka bari?

Sannan akwai abin da ba wanda zai gano shi daga bakin ruwa. A mashigar kogin Kolumbiya an riƙa tsintar alamomin PIT masu ɗimbin yawa a tsibiran da tsuntsayen teku ke sheƙa, kuma lambobin suka nuna cewa turawut mai zuwa teku, wanda ake kira sitilhed, yana cikin waɗanda tsuntsayen suka fi ci. Da ba don lambobin ba, da an ɗora asarar a kan wani abu dabam.

Ɗalibi: Malama, in an ba ni dama, ba za a iya maye gurbin duk wannan da gwajin ruwa ba? Na karanta cewa ana tace ruwan rafi a samo DNA, wato ƙwayoyin gadon da kifi ke zubarwa ta fata da kashi, ba tare da an taɓa shi ba.

Mai lissafi: Ƙanena, wannan hanya tana da kyau wajen amsa tambaya guda: akwai kifin a nan ko babu. Ba za ta gaya maka shekarunsa ba, ko shi ne wanda ka gani bara, ko ya tsallake hunturu, ko ta wace hanya ya zo.

Dattijon zaure: Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin turawut mai koren baya na jihar Kolorado. An shafe shekaru ana kiwo ana zubawa a ƙoramu da sunan ceton sa, sai binciken ƙwayoyin gado na 2012 ya nuna cewa ba shi ake zubawa ba, kuma na asalin ya rage ne a rafi guda, Bear Creek, a tsawon da bai wuce kilomita 6 ko makamancin haka ba. Wannan ya nuna mini cewa kyakkyawar niyya ba tare da sani ba tana iya zama aikin baban giwa. Amma ya kuma sa ni tambayar da Malam ya fara da ita: a wurin da 'yan ɗaruruwa kawai suka rage, kifi nawa ya halatta a taɓa?

Mai buɗe zance: Baba ya faɗi inda na tsaya yanzu. Na janye maganata a kan manyan koguna da wuraren da ake shirin rushe shinge ko gina shi, domin Malama ta gamsar da ni cewa a can rashin sanin hanyar kifi ya fi allura haɗari. Ban janye ba a kan ƙananan ƙoramu masu 'yan tsirarun kifaye. A can ina ganin wajibi ne mai bincike ya faɗi tun farko wane hukunci ne sakamakonsa zai sauya, in kuwa babu, ya tsaya ga gwajin ruwa da ƙirga gurabun ƙwai a cikin tsakuwa.

Malamar kimiyyar kifi: Na amince da sharaɗin, Malam, sai dai ƙirga gurabun ƙwai yana nuna yawan iyayen da suka iso ne kawai. Idan adadin ya faɗi shekara uku a jere, ba zai gaya maka ko 'ya'yan ne ke mutuwa a hunturunsu na farko, ko manyan ne ke maƙalewa a ƙasan wani kwalbati ba, kuma maganin ɗayan dabam yake da na ɗayan. A irin wannan hali zan nemi izinin sa wa kashi kaɗan alama, da sanyin safiya kafin ruwa ya ɗumama, kuma ba a lokacin zuba ƙwai ba.