Shin gwajin DNA ya tona asirin Jack the Ripper?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina bibiyar labarin mutumin da ya riƙa yi wa mata kisan gilla a unguwar Whitechapel da ke gabashin Landan a shekarar 1888, wanda aka laƙaba wa suna Jack the Ripper. Kwanan baya na ji ana cewa gwajin DNA da aka yi wa wani mayafi ya tabbatar da cewa wani mai aski ne, Aaron Kosminski. Ina roƙon masana su faɗa mini, shin magana ta ƙare ke nan, ko da sauran rina a kaba?

Malama Mai Nazari:
Wa alaikumus salam. Malam, akwai sauran rina a kaba, kuma mayafin ne tushen matsalar. An ce an ɗauke shi kusa da gawar Catherine Eddowes, ɗaya daga cikin matan da aka kashe, a dandalin Mitre Square ranar 30 ga Satumba 1888, amma 'yan sanda sun rubuta duk abin da aka samu a jikinta, tun daga tufafi har ƙananan gwangwanayen shayi da sukari, kuma babu wannan mayafi a ciki. Ɗan sandan da aka ce shi ya ɗauka, Amos Simpson, ma'aikacin rundunar Metropolitan ne, alhali wurin yana ƙarƙashin rundunar City of London. Daga nan mayafin ya shafe fiye da shekara ɗari yana yawo a hannun mutane, har wani ɗan kasuwa, Russell Edwards, ya saye shi a 2007.

Shi kansa gwajin, wanda aka buga sakamakonsa a 2019, ya dogara ne kan nau'in DNA da ake gado ta wajen uwa kaɗai. Mutane da yawa suna iya yin tarayya a cikinsa, don haka ya fi amfani wajen wanke mutum daga zargi a kan ya nuna mutum guda a ce shi ne.

Abin da ya fi ƙarfi a kan Kosminski, a ganina, shi ne rubutun manyan jami'an lokacin. Donald Swanson, wanda ya kula da binciken, ya rubuta da fensir a gefen wani littafi cewa Kosminski ne wanda ake zargi. To amma ya ƙara da cewa mutumin ya rasu jim kaɗan bayan an kai shi asibitin masu taɓin hankali, alhali Aaron Kosminski, da aka kwantar a asibitin Colney Hatch a 1891, bai rasu ba sai 1919.

Baba Dattijo:
Malama ta yi bayani mai gamsarwa. Zan ƙara da cewa jami'an ba su taɓa zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya ba. Melville Macnaghten, wani babban jami'in 'yan sanda, ya ambaci mutum uku da ake zargi a takardarsa ta 1894, ciki har da Kosminski, kuma ya fi karkata ga Montague Druitt, wanda aka tsamo gawarsa daga kogin Thames ranar 31 ga Disamba 1888, makonni kaɗan bayan kisan Mary Jane Kelly, wadda ake ɗauka ita ce ta ƙarshe da Ripper ya kashe. Sai dai ya kira shi likita, alhali lauya ne kuma malamin makaranta, ya kuma ƙara masa shekara goma a kan shekarunsa 31. Na ukunsu, Michael Ostrog, daga baya aka gano yana tsare a Faransa a lokacin. Kada mu manta Macnaghten bai fara aiki da rundunar ba sai 1889.

Zancen da wasu ke yi cewa wani daga gidan sarautar Birtaniya ne ya yi kisan kuwa shaci-faɗi ne. Yarima Albert Victor yana Sikotilan a daren da aka kashe Elizabeth Stride da Eddowes, shi kuma likitan Sarauniya, William Gull, ya haura shekara 70 kuma ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki a 1887.

Ɗalibin Tarihi:
Na gode ƙwarai. Baba, yaya batun Charles Lechmere, wanda aka tarar tsaye kusa da gawar Mary Ann Nichols a Buck's Row, kuma ya ce sunansa Cross?

Baba Dattijo:
Ɗana, ya fi yarima da likita dacewa da hankali, domin mai tuƙa keken doki ne da ke ratsa waɗannan lunguna da asuba zuwa wurin aiki, kuma babu wanda zai kalle shi sau biyu. Amma Cross sunan mijin mahaifiyarsa ne, kuma ya faɗi adireshinsa da wurin aikinsa na gaskiya. Shi ne ma ya tsayar da wani mai wucewa, Robert Paul, ya nuna masa matar, sannan suka tafi tare suka sanar da ɗan sanda.