Wannan katun ɗin Conan, a bar yaro ɗan shekara 9 ya dinga kalla kuwa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san katun ɗin nan na Japan, Detective Conan, na ɗan yaron nan mai ƙaton gilashi da jan ƙulli a wuya kamar malam-buɗe-littafi. Babban ɗana shekararsa 9, tunda aka yi hutu ƙanin babansu ya tura masa a tsohuwar wayata shikenan ya maƙale, ko aikensa na yi sai ya ce Umma bari a kama mai laifin tukunna. Ni da na ga zane ne ban ma kula ba, na ɗauka irin na ɓera da mage ne da suke bin juna, sai shekaranjiya ina tsintar shinkafa a falo na ɗan leƙa ta kafaɗarsa, wallahi sai ga mutum kwance cikin jini wata mata tana kurma ihu, shi kuma ɗan ficicin yaron ya tsuguna gaban gawar yana shinshina bakinta. Ban san lokacin da na fizge wayar ba. Ya yi ta kuka har tuwon dare ya ƙi ci. Babansu ya ce in bar shi ai buɗe ƙwaƙwalwa yake yi, ni kuma hankalina bai kwanta ba. To wai na yara ne ko na manya? Kuma yana da ƙarshe ne, don na ga abin ba ya ƙarewa.

Ɗan Fagge:
Wa'alaikumussalam. Hajiya ƙarshe kuma? Hhh ai sai dai ki yi haƙuri. Tun 1994 mai shi Gosho Aoyama ya fara zana shi a mujalla, aka fara haska shi a talabijin a Janairun 1996, a 2021 ya cika kashi 1000 kuma har yanzu ana yi, ban da fim ɗin silima da suke saki kusan duk watan Afrilu tun 1997. Ni ina firamare na fara kallonsa, yanzu 'ya'yana uku, shi kuwa Conan yana nan aji ɗaya bai motsa ba.

Labarin a gajarce, asali ba yaro ba ne, saurayi ne ɗan babbar sakandare wajen shekara 17, Shinichi Kudo, wanda 'yan sanda kansu ke neman taimakonsa. Ya je wajen wasa da yarinyar da suka taso tare, Ran, sai ya bi bayan wasu mutane masu baƙaƙen kaya yana leƙen cinikin da suke yi, ɗaya ya lallaɓo ya rafka masa ƙarfe a ƙeya suka ɗura masa wata sabuwar guba, APTX 4869, da nufin ya mutu ba tare da an ga alama ba. Maimakon ya mutu sai jikinsa ya koma na ɗan shekara shida zuwa bakwai amma ƙwaƙwalwar tana nan. Sunan ma a tsaye ya ƙirƙire shi da Ran ta ritsa shi a ɗakin littattafai, ya haɗa sunan Conan Doyle mai Sherlock Holmes da na wani marubucin Japan Edogawa Ranpo.

Amsar tambayarki kuwa, gaskiya ba na ƙananan yara ba ne, zanen ne kawai yake ruɗin mutane. Kashi na ɗaya ma, na ɗaya fa, kan mutum ake cirewa a cikin jirgin lilon nan mai gudu na wajen wasa. A Amurka da suka kawo shi 2004 da sunan Case Closed cikin shirye-shiryen dare na manya suka saka shi. Amma su a Japan ƙarfe shida na yamma ranar Asabar ake nunawa kowa na zaune, to kin ga kowa da irin tuwonsa.

Bamaiwurna:
Allah sarki Conan, kun tuna min da ƙuruciya. Mu nan Sudan babu wanda ya taso a shekarun 2000 bai san shi ba, a tashar Spacetoon muke gani da Larabci, wanda wani kamfani a Dimashƙa ya yi wa murya. Da la'asar ta yi in akwai wuta za ki ga yaran layi sun cika tsakar gidan mai dish, kowa ya zauna kan takalminsa. Maman Biyu abin da zan tambaye ki, wanne yaron yake kallo, na Larabcin ko na asali mai rubutu a ƙasa? Don ba ɗaya ba ne. Na Larabcin sun rage abubuwa da yawa, sun tsaftace harshe, har sunaye sun taɓa, baban Ran da ake kira Kogoro mu Togo Mori muka san shi, sai da na girma na samu intanet na gane ashe ba haka sunansa yake ba. Kuma Larabcin da ake yi a ciki fusha ne tsantsa, wallahi na san yara da nahawunsu ya miƙe saboda katun ɗin nan fiye da yadda bulalar makaranta ta miƙar da shi. In ɗanki yana Islamiyya ki nemo masa wannan, kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Kisan dai yana nan ba a cire ba, don in an cire kisa babu sauran labari.

Malamin Lissafi:
Ni kuma bari in ɗan saɓa wa jama'a, don na ga kowa yabonsa zai yi. Na kalli wajen kashi ɗari biyu na ajiye, ba don jini ba, don rainin hankali. Duba fa, duk inda yaron nan ya sa ƙafa sai an kashe mutum, biki kisa, otal kisa, jirgin ƙasa kisa, ya je cin taliya kisa, da a unguwarmu ne da tuni an daina gayyatar gidansu suna. Sannan ga baban Ran, tsohon ɗan sanda da ya buɗe ofishin bincike amma bai iya komai ba sai shan giya da cacar tseren doki, kullum Conan ya harbe shi da allurar barci daga agogon hannunsa a bayan wuya, mutum ya yi tangaɗi ya faɗa kujera, yaron ya laɓe a baya ya kama ƙullin wuyan nan mai canza murya ya warware komai da muryarsa. Bakin mutum ba ya motsi amma sufeto da jama'a cike da ɗaki ba wanda ya taɓa cewa kai tsaya. Sau ɗari nawa aka yi wa bawan Allahn nan allura? Ai da wuyansa ya zama rariya.

Kuma dabarun kisan kusan iri ɗaya ne, zaren kamun kifi, salatif, ƙanƙarar da za ta narke ta ɓatar da shaida, ɗaki a kulle ta ciki, mutum uku ake zargi kullum ba biyu ba ba huɗu ba. Guba kuwa ya shinshina baki ya ce sayanayid ce, abin da kika gani kenan Hajiya. Abin da ya fi ba ni dariya a cikin labarin ko shekara ɗaya ba a yi ba, amma an fara da wayar kan titi mai kati yanzu kowa na riƙe da babbar waya mai shafawa.

Abin da na fi tsoro ga yaro ba gawar ba ce, yadda ake nuna babba a matsayin sakarai ne, yaro ne mai gaskiya kullum, kuma ƙarya yake yi wa kowa daga safe har dare har da yarinyar da ke dafa masa abinci tana kukan rashin Shinichi a gabansa.

'Yar Kaduna:
Haba Malam, ka yi adalci mana. Duk abin da ka lissafa gaskiya ne na yarda, mu masu son abin mun fi ka yi masa dariya, amma ka tsallake inda daɗin yake. Ɗauki kashin farkon nan da Ɗan Fagge ya faɗa. Me ya tona asirin wadda ta yi kisan? Hawaye. Kowa in ya yi kuka hawaye ƙasa yake gangarowa, ita kuwa sawun nata ya tafi gefe ta wajen kunne, wato tun jirgin yana tsala gudu iska na kaɗawa take kuka, tun kafin kowa ya san mutumin ya mutu. Ni ranar da na ga wannan ina 'yar JS na daɗe a zaune baki buɗe. Ba tsafi ba aljani, ba wai ya yi mafarki aka nuna masa ba, abu ne a fili gaban kowa amma mutum ɗaya ne ya tsaya ya duba. Sau nawa muke kallon fim a nan gida, an ƙulla makirci tun daga farko, da aka zo warwarewa sai kawai muguwar ta haukace ta fito tana tona wa kanta asiri, ko hatsarin mota ya kwantar da ita ta nemi yafiya a gadon asibiti? A Conan sai an kawo hujja, kuma hujjar an nuna maka ita tun da farko kai ne ba ka lura ba.

Sannan batun tarbiyya, je ka kalli kashi na 11, na tsibirin nan da ake jin kiɗan fiyano duk lokacin da aka kashe wani. Likitan tsibirin ne yake ɗaukar fansar mahaifinsa da iyalinsu da aka ƙona shekara 12 baya. Conan ya gano shi tsaf, ya ƙure shi, sai mutumin ya shige ginin da wuta ke ci ya zauna gaban fiyano, yaron ya bi shi ciki yana roƙonsa ya fito, shi kuma ya ɗauke shi ya wurgo shi waje ta taga ya tsaya a ciki. Abin ya tsaya wa Conan a rai, can gaba har yake gaya wa abokinsa Heiji ɗan Osaka cewa mai binciken da ya ƙure mai laifi har ya bar shi ya kashe kansa shi ma bai da maraba da mai kisa. Tun daga nan ba ya bari, ko mugu ne zai faɗo sai ya miƙa hannu. Kuma kusan duk wanda aka kama ƙarshensa durƙushewa yake yana kuka, sau da yawa ma ya gano wanda ya kashe ɗin ba haka yake nufi da shi ba, rashin fahimta ce kawai. Ban taɓa ganin kashin da na gama na ji kisa ya burge ni ba.

Maman Biyu ni dai shawarata kar ki hana gaba ɗaya don zai je gidan maƙwabta ya kalla a ɓoye, kuma kar ki bar shi shi kaɗai da waya cikin bargo. A saka a talabijin ki zauna. Akwai kashin da shi da 'yan ajinsu ne suke neman mage ko taswirar dukiya, waɗannan da sauƙi. Na mutanen baƙaƙen kaya, su Gin da Vodka, duk sunan giya ne da su kuma harbi ne ba wasa, ki ajiye masa sai ya ƙara girma.

Ɗan Fagge:
Kai 'Yar Kaduna kin fasa ƙwai, yanzu wanda bai kalli na 11 ba kin gama da shi. Allah ya sa dai kar wani ya zo ya faɗi sunan ogan ƙungiyar masu baƙaƙen kayan, don mu sai ƙarshen 2017 muka ji shi bayan shekara 23 muna jira. Malamin Lissafi kai kuma ka tsaya a daidai inda abin ya fara zaƙi, ka koma ka nemi kashi na 345 da kuma 491 zuwa 504 a lissafin Japan, in ba ka dawo ka ba mu haƙuri ba ni zan saka maka data.

Malamin Lissafi:
Turo datar tukunna. Maganar hawayen nan dai na sallama, har na taɓa amfani da ita a aji. Amma wuyan Kogoro ina nan kan bakana.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Bamaiwurna na duba, na asalin ne mai rubutun Turanci a ƙasa, ashe rabin abin ma bai iya karantawa da sauri, hoton yake bi. Mun samo na Larabcin jiya muka saka a talabijin bayan isha'i, na ce kashi biyu kawai, sai ga mu a na huɗu ni ce ma nake cewa a ƙara, kuma duk wanda na nuna na ce shi ne sai ya zama ba shi ba. Wani wajen na sa hannu na rufe masa ido ya ce Umma ai na riga na gani.

Matsalar da ta taso yanzu daban ce. Na ajiye kunun aya gora uku a firij na baƙi, da safe na tarar biyu, na fara yi wa ƙanwarsa faɗa, sai ya ce a tsaya. Ya je ya duba ya dawo hannu a aljihu yana cewa gorar da aka ɗauka a can saman take inda ƙanwar ba ta kaiwa, kuma ba a ja kujera ba, kuma marfin yana kan durowar gefen gadon Abba. Babansu yana shan shayi ya ƙware. Yanzu shi ne yake cewa a sake duba maganar katun ɗin nan, wai yana lalata tarbiyya.

Bamaiwurna:
Hhhh a gaishe da Abban yara. Ki dai ɓoye masa agogo da allurar ɗinki. Kun kai inda Haibara, 'yar ajin su Conan, take fitowa kuwa?