Y-Job, Motar da Ba a Kai Kasuwa Ba

Malam Fenta

Jiya na ci karo da hoton Buick Y-Job, sai baitoci suka zubo. Mai amsa ya amsa.

Bismillahi, da shi nake farawa,
Waƙar baƙar mota mai burgewa.
A 1938 Harley Earl ya fito da ita,
Can Detroit ta Amurka, kamfanin General Motors (GM) na ƙerawa.
Shi ne gwanin siffanta mota da laka,
Kamar maginin tukwane wajen shafawa.
Fitilunta a ɓoye suke da rana,
Da dare lantarki ke buɗewa.
Mariƙin ƙofa ya lafe a jikinta,
Ba matakin gefe na takawa.
Gilashi na sauka da ɗan maɓalli,
Hannu ya huta da murzawa.

Oga Makaniki

Malam Fenta, sheƙi ya ɗauke ka,
Ka tsaya a fenti, ciki ba leƙawa.
Ɗaga bonet: silinda takwas a jere,
Injin Buick ne da aka saba sawa.
Guda ɗaya tak aka ƙera ta,
Ba dila, ba farashi, ba tayawa.
Mutum biyu kawai take ɗauka,
Uwargida da yara fa? Sai takawa!

Hajiya Mai Atamfa

Haba Oga, sassauta mata.
Tela kan ɗinka riga ɗaya ya rataye,
Don a ga yayin da ke tahowa.
Ba ta sayarwa ba ce, samfuri ce,
Daga ita sauran ke kwaikwayowa.
Dubi haƙoran gabanta a tsaitsaye,
Buick ta 1942 ta yi gadowa.
Motocin gwaji da X ake kiransu,
Earl ya ce Y, don ta yi wucewa.
Kuma ba ta kwanta cikin tanti ba,
Da ita yake fita, da ita komawa,
Har 1951 tana ƙarƙashinsa,
Sai da sabuwar motar gwaji, LeSabre, ta zo karɓewa.

Oga Makaniki

Hajiya, ranki ya daɗe, na ji ta tela.
Amma tayar inci 13 aka sa mata,
Don ta kwanta ƙasa tana miƙewa.
Kawo ta unguwarmu a tsakiyar damina,
Ramin farko cikinta zai kartawa.
LeSabre kam na sara mata,
Jirgin yaƙi ta ɗauko wajen zanawa.
Ɗigon ruwa in ya faɗo cikinta,
Rumfarta da kanta take rufewa.
Ni tawa, da igiya nake ɗaure but.

Malam Fenta

Oga, baitin ƙarshe ya karye,
Igiyar ta cinye amsa-amon "wa"!
Y-Job tana nan a Michigan har yau,
GM na adanawa da gogewa.
A 2016 Amurka ta sa ta rajistar
Motocin tarihi na tunawa.
Kawo taka gobe in shafe ta baƙi,
Kuɗin fenti kawai za ka bayarwa.

Oga Makaniki

Sai ka zo da mutum biyu na turawa.