Yankan da nake yi a asambili ya daina kamawa, wa ya taɓa cin karo da wannan?

Injiniya_Auwalu:
Salamu alaikum jama'a. Ina zana firam ɗin injin casar shinkafa a SolidWorks, manhajar zanen injuna a kwamfuta, akwai ramuka huɗu da sai an gama walda ake huda su don su zo daidai da na gidan boris, shi ya sa na yi yankan a asambili (fayil ɗin da ake haɗa sassan injin wuri ɗaya) ban yi a kowane fat (sashe guda) ba. Jiya lafiya lau, yau na ƙara wani faranti na buɗe fayil sai jan alama a kan yankan, farantin kuma ko ƙwarzane babu. Duk wanda ya taɓa shiga wannan ya faɗa mana yadda ya fita.

Musbahu Kawo:
Wa alaikumus salam Injiniya. Farantin da ka ƙara ɗin nan fara duba Feature Scope tukuna, wato inda ake zaɓar sassan da yankan zai ci. In a kan Selected components yake to abin da ka zaɓa ranar da ka yi yankan kawai ya sani, sabon da ya shigo daga baya bai san da zamansa ba sai ka sa shi da hannunka. Ni All components nake gudu ma, ya taɓa yanke min bol da wosha da duk abin da ya tare masa hanya, sai da aka zo fitar da zane na gani.

Maman Hanif:
Nawa jan alamar daga sikec ya zo, wato zanen layukan da yankan ke bi. Na ɗora sikec ɗin a fuskar wani fat, abokin aikina ya je ya canza fat ɗin fuskar ta ɓace, sai layuka da awo suka koma ruwan ƙasa-ƙasa ɗin nan, ba abin da suke riƙe da shi. Tun daga nan a filen (plane, shimfiɗar da ake zane a kai) na asambilin nake zana yanka, ko me za a yi wa fat ɗin filen yana nan.

Injiniya_Auwalu:
Hajiya sikec ɗina baƙi ne tsaf, ba ruwan ƙasa

Dan Zariya:
Oga to ko kayan naka a lightweight suke, wato ba a loda su gaba ɗaya ba? In asambili ya yi nauyi yakan buɗe su haka da alamar gashin tsuntsu a gefe, ka yi musu resolve duka, wato ka loda su cikakku, sannan ka danna Ctrl+Q ba Ctrl+B ba, don Ctrl+B abin da ya canza kawai yake sake ginawa shi kuwa Q komai yake tayarwa daga tushe. Sau da yawa iyakar maganin kenan wallahi.

Malam Bashir:
Akwai wanda ba ku ambata ba kuma shi ya fi cin rai. Na sa mate, wato ƙa'idar da ke ɗaure fat a wurin zamansa, a kan ramin da yankan asambili ya samar, wato fat ɗin yana jiran rami kafin ya san wurin zamansa, ramin kuma yana jiran fat ɗin ya zauna kafin ya huda, kowa na jiran kowa. Ka yi ribil, wato sake ginawa, ya gyaru, ka sake yi ya lalace, har na fara zargin kwamfutar. Da na mai da mate ɗin kan filen shiru kake ji. Sai kuma maganar Propagate feature to parts, ku yi hattara da ita, in ka kunna yankan zai shiga cikin fayil ɗin fat ɗin kansa, to in fat ɗaya ka yi amfani da shi wuri shida duka shidan za su fito da rami, har a wani asambilin da ba ruwansa. Abin da za a huda bayan walda a bar shi a asambili, mai yankan ƙarfe bai kamata ya ga ramin a zanensa ba.

Musbahu Kawo:
Gaskiya Malam. A manhajar Inventor ma haka abin yake, can fat ɗin da yankan ke ci participant suke ce masa, sai ka ƙara ko ka cire.

Sadiq CNC:
Ni da fayil ɗin STEP, irin wanda ake tura zane da shi daga wata manhaja zuwa wata, na sha wuya, kwastoma ya turo gidan giyar inji, duk yankan da ya taɓa shi sai ya ƙi. Import Diagnostics ya nuna fuskoki masu matsala, da aka gyara su ya yanku. Wani lokacin kuma da'irar ramin ce take shafar gefen ƙarfe daidai-wa-daida, ba ta shiga ba ba ta fita ba, sai ya ce maka zero thickness, ka matsar da ita ko da 0.1mm ne ka gani.

Injiniya_Auwalu:
Na gode ƙwarai jama'a. Abu biyu ne ashe. Farantin ba ya cikin scope kamar yadda Musbahu ya ce, sannan tsohon farantin da yankan ke ci yana suppressed, wato a kashe yake, a wannan configuration ɗin (sigar asambilin da nake kai), yankan bai sami abin ci ba shi ne ya yi ja. Yanzu ya huda. Malam Bashir, ramukan za su fito a zanen asambili da awonsu ko sai na sa da hannu?

Malam Bashir:
Ramukan za su fito a zanen asambili, a na fat ne ba za ka gan su ba. Ka dai rubuta wa mai walda a gefe cewa bayan walda ake hudawa.