Neman kalma: me za mu kira laïcité da Hausa?

Mai tambaya: Jama'a, ina rubutu ne kan Zineb El Rhazoui, 'yar jaridar nan haifaffiyar Kasablanka ta Maroko, wadda ta yi aiki a Charlie Hebdo, jaridar zanen barkwanci ta Faransa. Ranar 7 ga Janairun 2015 da aka kai hari ofishin jaridar aka kashe mutum 12, tana Maroko. Tun 2009 ta yi suna, lokacin da ita da abokanta suka shirya cin abinci a fili da rana tsaka cikin azumi a garin Muhammadiyya, don adawa da dokar da ke hukunta mai yin haka. Abin da kullum take cewa tana karewa shi ne laïcité, kalmar Faransanci da Turancin Ingilishi ke kira secularism. Na ga wasu suna rubuta "rashin addini". Ya yi?

Daga Damagaram: Bai yi ba, ɗan'uwa. Ita da bakinta ta ce ba ta yarda da Allah ba, wannan nata ne. Amma kalmar ba zuciyar mutum take bayani ba, tsarin hukuma ne. Dokar Faransa ta 1905 raba coci da gwamnati ta yi, ba ta rufe coci ba. Mu nan "layisite" kawai muke cewa, sai dai kalmar ta yi baƙin jini, balle bayan tarzomar Janairun 2015 kan zanen ɓatancin jaridar, da aka ƙona coci-coci a nan da Yamai. Tsarin mulkinmu na 2010 ma kauce mata ya yi, ya ce raba ƙasa da addini.

Daga Kano: To a ce "baruwanci" mana. Gwamnati ba ruwanta da addinin kowa. Gajere, ga daɗin faɗa.

Wani malamin Hausa: Yaro, daɗin faɗa kam akwai, sai dai mai sauraro zai tuna ƙasashen 'yan ba-ruwanmu na zamanin yaƙin cacar baka. Kuma wa ya ce Faransa ba ruwanta? A 2004 ta hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati, da sunan wannan tsari. Wanda ya hana ai da ruwansa tsundum. "Baruwanci" ya fi dacewa da sashe na 10 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999, da ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa.

Daga Kano: Allah gafarta Malam, ilmaniyya ta Larabci fa?

Malamin: Almajirai za su gane, amma a wa'azi ta riga ta zama zagi. Ɗan jarida ba ya yanke hukunci da kalmar fassara.

Mai tambaya: Na gode, Malam. Zan rubuta "raba addini da hukuma", ita kuma "mai rajin raba addini da hukuma". Sukar Musulunci da take yi zan kira ta suka, a jimlarta daban.