Marubuta masu yara, don Allah ku ba ni shawara

Salam 'yan uwa, wallahi na rasa yadda zan yi. Littafi nake rubutawa a waya ina turawa guruf ɗin WhatsApp, da sai in kai biyun dare ina taifin, amma tunda na sa 'yan biyuna nazare komai ya tsaya cak. Tun asuba ga abincin tafiya ga wanka ga neman safa, ƙarfe 4 Islamiyya, isha na yi na zama gawa. Jiya farkawa na yi da wayar a ƙirjina, layi uku kacal na rubuta. In sun tafi da safe kuma kaina ba ya kawo komai, ni dare na saba. Sati uku ke nan, waɗanda suka biya suna ta min magana, kunya ta ishe ni. Ku yaushe kuke rubutu? Ko in mayar musu kuɗinsu ne?